Kantin da ba shi da kwaɗo: darasi a kan ƙaramar sata da amana



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. 'Yan uwa, darasinmu na yau a kan sata ne, amma ba irin wadda ake zuwa da bindiga ba. Ƙaramar sata nake nufi, ɗauke-ɗauken nan da mutum zai yi ya ce ai ba wani abu ba ne. Zan fara da labarin wasu mutane da ke nesa da mu ƙwarai, waɗanda ma ba Musulmi ba ne, domin a wurinsu abin ya fito fili yadda kowa zai gani.

A yammacin Sikotland, cikin ƙasar Birtaniya, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Canna. Tsawonsa bai wuce kilomita 7 ba, mutanen da ke zaune a cikinsa kuma ba su kai 30 ba. Babu ofishin 'yan sanda, babu ɗan sanda ko ɗaya, in ana buƙatarsu sai dai su shigo jirgin ruwa su ƙetaro. Mutanen suna da kanti ɗaya na al'umma, wanda suke kula da shi don sa kai. Yawancin lokaci babu mai tsaro a ciki, kuma ba a rufe shi, dare da rana. Ka shiga, ka ɗauki abin da kake so, ka rubuta a littafi, ka jefa kuɗin a akwati, ka kama gabanka. Dalilin barinsa a buɗe da dare har da masunta, waɗanda ke tsayawa da jiragensu a gaɓar tsibirin: a bar su su shiga su sayi abin buƙata, su yi amfani da intanet ɗin kantin kyauta.

A watan Yuni na 2015 aka wayi gari an kwashe kaya. Me aka ɗauka? Alewa, cakulan, biskit, batir, kayan wanka, da hulunan sanyi guda 6 saƙar hannu. Shi ke nan. Amma sai da labarin ya zaga duniya, saboda jaridu sun ruwaito cewa rabon da a yi sata a tsibirin tun shekarun 1960, lokacin da aka ɗauke wani farantin katako daga coci. Masu kula da kantin suka ce yanzu dole su fara rufe ƙofa da dare, har suna tunanin sa kyamara, alhali ba sa so, domin kyamara ta saɓa wa abin da aka gina kantin a kansa.

To ka tsaya ka yi lissafi. Kayan da aka sata, wani ɗan kasuwa a cikinmu ba zai ko lura sun ɓace daga shagonsa ba. Amma masuncin da ya iso ƙarfe biyu na dare cikin sanyi ya tarar da ƙofa a rufe, shi me ya sata? Tsohuwar da yanzu in ta ga baƙo ya sauko daga jirgi sai ta bi shi da ido, wa ya sa mata wannan a zuciya? Ɓarawon ya tafi da biskit, ya cinye a kwana biyu. Abin da ya ɗauke wa mutanen garin kuwa sun shekara hamsin suna tara shi.

Wani zai tambaya: irin wannan ciniki da babu mai sayarwa a tsaye, ya halatta kuwa? A mazhabar Malikiyya ya halatta, domin ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, ko da ba a furta komai ba. Shi ne malamai ke kira mu'aɗat, wato miƙa in miƙa. Mai kaya ya sa farashi, ya ajiye akwati, wannan shi ne yardarsa. Abin da ya shahara a wurin Shafi'iyya shi ne sai an furta, amma Imam Nawawi, wanda yake cikin manyansu, ya zaɓi halacci. Wannan ratse ne, mu koma.

Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne. Muna da namu labarin, kuma ya girmi wannan da kusan shekara 700. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan ɗan Tanja ta ƙasar Maroko, ya sauka a tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya wajen shekarar 1343, a zamanin wata sarauniya mai suna Khadija, har aka naɗa shi alƙali. Ya siffanta mutanen wurin da addini da gaskiya, ya ce ba su san yaƙi ba. Ya ba da labarin cewa wata rana ya yanke hukuncin a cire hannun wani ɓarawo, sai wasu daga cikin waɗanda ke zaune a majalisar suka suma. Ya kuma ce 'yan fashin teku na Indiya ba sa taɓa su, domin sun jarraba sun ga duk wanda ya ɗauki kayansu masifa na saurin cim masa. In wani a cikin 'yan fashin ya ɗauki ko lemon tsami ne, shugabansu da kansa yake sa a yi masa dukan tsiya. Waɗannan tsibirai kuwa ba baƙinmu ba ne kamar yadda muke zato. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda daga sunansa muka sami kalmar kuɗi, mai yawa daga cikinsa daga can aka kwaso shi. Ibn Baɗuɗa ya ga ana tara shi a can, ya zo ya gan shi ana ciniki da shi a Mali da Gawo, kuma daga cikin abin da ya yaba wa mutanen Mali akwai aminci: matafiyi ba ya tsoron ɓarawo.

Me ya sa sata take ƙaranci a ƙananan tsibirai? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kowa ya san kowa, ya san ubansa da kakansa. In ka sata, ina za ka kai? Ba za ka sa hular da ka sata ba, don wadda ta saƙa ta maƙwabciyarka ce. Ba za ka sayar ba, don babu ɓarawon zaune. Ba za ka gudu ba, don ruwa ya kewaye ka. A wani tsibirin na Sikotland mai suna Colonsay, a 2006, wani ma'aikaci da ya zo aiki daga waje ya shiga gidan wani dattijo ya ɗauki fam 60. Gidajen ba a kulle su. Amma jirgi ba kullum yake zuwa ba, sai ga shi zaune cikin mutanen da ya yi wa sata yana jiran ranar jirgi, daga nan kuma sai kotu. Sannan babban dalili: kowa yana buƙatar kowa. Wanda ka cuta yau, shi ne gobe zai fito da kwalekwalensa in naka ya kife.

A nan ne tambayar da ta fi damuna take. Wannan aminci, taƙawa ce ko rashin hanya? Ban ce mutanen tsibiri ba su da gaskiya ba, da yawansu an tarbiyyantar da su a kanta. Amma gaskiyar da ruwa ne yake tsare ta, ranar da aka sami jirgi mai sauri za ta shiga jirgin ta tafi. Abin da ya faru da tsibirai da yawa ke nan. Baƙi suka yawaita, matasa suka fita suka dawo, kayan da ake sha'awa suka koma ƙanana masu tsada, waya da kwamfuta da injin jirgi, abin da za ka sa a jaka ka sayar a wani gari da ba a san ka ba. Maldibs ɗin da Ibn Baɗuɗa ya yaba ta buɗe wa masu yawon buɗe ido ƙofa a 1972, babban birninta ya cika ya batse, daga baya kuma ƙwaya ta shiga cikin matasa, kuma duk inda ƙwaya ta shiga ƙaramar sata tana biye da ita kamar jela. Ƙauyukanmu ma, ko da ba ruwa ya kewaye su ba, tsibirai ne a da. Dattawa suna ba da labarin rumbu a bayan gari ba mai gadi, da garma da ake bari a gona a dawo gobe a same ta. Babur da titi da waya sun yi musu abin da jirgi ya yi wa tsibiri.

Musulunci bai gina amana a kan ruwa ko idon maƙwabci ba. Ya gina ta a kan sanin cewa Allah yana gani. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar (Allah Ya ƙara musu yarda) ya gamu da wani bawa makiyayi a daji, ya jarraba shi ya ce ya sayar masa da tunkiya ɗaya, in ubangidansa ya tambaya ya ce kerkeci ya cinye. Yaron ya tambaye shi, to Allah fa, yana ina? Ibn Umar ya yi ta maimaita wannan kalma, da ya koma Madina ya sayi bawan da tumakin, ya 'yanta shi ya ba shi su. Wannan yaron, ka kai shi tsibiri mai mutum 20 ko birni mai miliyan 20, hali ɗaya zai yi.

Yanzu mu zo kan fiƙihu, domin akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu. Hukuncin yanke hannu yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 38, amma yana da sharuɗɗa. Daga ciki akwai nisabi: rubu'in dinari na zinare, wato kimanin giram ɗaya da ɗan ɗori, ko dirhami 3 na azurfa, ko abin da ya kai ƙimar dirhami 3. Wannan ita ce maganar Malikiyya. Hanafiyya sun ce dirhami 10. Akwai kuma hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba adana irin wannan abu a cikinta, ta yadda ba za a ce wanda ya ajiye a nan ya yi sakaci ba. Jumhurun malamai sun sharɗanta hirzi, Zahiriyya ne suka saɓa. Kuma hirzi yana bin al'ada: hirzin zinare daban, na akuya daban, na buhun masara daban. Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya bayyana cewa wanda ya yi sata a gidan da aka yi masa izinin shiga ba a yanke masa hannu, haka mai fizge. A hadisin Jabir da ma'abota Sunan suka ruwaito ma an cire maha'inci da mai wawaso da mai fizge daga hukuncin yankewa.

Ka ga ke nan, da wanda ya kwashe kantin Canna zai zo gaban alƙali Bamalike, akwai doguwar magana kafin a kai ga haddi. Ƙofa a buɗe take, an yi wa kowa izinin shiga, an amince masa ya ɗauka ya biya da kansa. Aikinsa ya fi kama da ha'inci. To sai wani ya ji haka ya ce ashe abin da sauƙi. A'a. Faɗuwar haddi ba ta mayar da haram halal. Akwai ta'aziri, wanda alƙali zai yi gwargwadon abin da ya ga zai tsawatar. Akwai biyan kaya. Akwai kuma tsayuwa gaban Allah, wadda ba ta da nisabi. Hasali ma ni a ganina wanda aka bar wa ƙofa a buɗe ya ci amana, aikinsa ya fi muni a wajen mutunci fiye da wanda ya fasa kwaɗo, domin wancan ƙarfe ya karya, wannan kuwa yardar da aka yi masa ya karya. Cin amana kuma Manzon Allah (SAW) ya lissafa shi cikin alamomin munafuki.

Dubi yadda Annabi (SAW) ya ɗauki ƙaramin abu. Bayan yaƙin Khaibar, a Wadil Ƙura, wani bawansa mai suna Mid'am yana sauke sirdi sai kibiya ta same shi ya mutu. Mutane suka shiga yi masa murnar Aljanna. Annabi (SAW) ya ce ba haka ba ne, ya rantse cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi fa, jama'a. Mutumin da yake yi wa Manzon Allah hidima, ya mutu a hanyar jihadi. Da mutane suka ji haka, wani ya zo da igiyar takalmi ɗaya ko biyu da ya ɗauka, Annabi (SAW) ya gaya masa cewa ita ma ta wuta ce. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito.

Akwai wani hadisin a Sahihu Muslim da nake so kowane mai ɗan hali ya ji. Ranar da aka yi kusufin rana, aka nuna wa Annabi (SAW) wuta yana cikin salla. Cikin waɗanda ya gani akwai wani mai sanda mai lanƙwasasshen kai, yana jan hanjinsa a wuta. Aikinsa a duniya shi ne ya riƙa ƙwamushe kayan alhazai da sandar. In an gan shi sai ya ce ai maƙalewa ya yi a sandata. In ba a gani ba ya yi gaba da shi. Wallahi kamar yau aka faɗa. Wanda ya sa takalmin wani a ƙofar masallaci, in an tare shi ya ce ai na ɗauka nawa ne. Wanda ya zare cajar waya, in an tambaya ya ce aro na yi. Yaron shago da ke rage canji, in an lissafa ya ce mantuwa ce. Kowa da irin sandarsa.

Sannan hadisin da ya zo da tsinuwa a kan ɓarawon da ke satar ƙwai har a yanke hannunsa, yana satar igiya har a yanke hannunsa. Ƙwai bai kai nisabi ba, to yaya? Daga cikin bayanin da malamai suka yi akwai cewa wanda ya saba hannunsa da ƙwai ba zai tsaya a ƙwai ba, sai ya kai ga abin da za a yanke shi a kansa. Wannan magana ce ga iyaye. Yaro ya shigo da biro ko leda ta alewa da ba ke kika ba shi kuɗinta ba, kika yi shiru, ko ma kika ce yaron nan akwai wayo. Ranar ce ya kamata ki kama hannunsa ku koma inda ya ɗauko.

Huzaifa ɗan Yaman (Allah Ya ƙara masa yarda) ya ruwaito yadda ake ɗauke amana. Ba rana ɗaya take tafiya ba. Mutum zai yi barci a zare ta daga zuciyarsa, sai ɗan tabo ya rage. Ya sake barci a sake zarewa, sai abin da ya rage ya zama kamar bororon ƙuna, a kumbure amma ba komai a ciki. Har a kai lokacin da za a riƙa nuni ana cewa a dangin wane akwai wani mutum amintacce. Huzaifa ya ƙara da cewa akwai zamanin da bai damu da wa zai yi ciniki ba, amma yanzu sai da wane da wane. Sahabi ne fa yake faɗin haka a kan zamaninsa. Mu kuwa mun kai inda in direban a-daidaita ya mayar da kuɗin da aka manta a kekensa sai an kira 'yan jarida. Muna yaba masa, kuma ya cancanci yabo, amma mamakin da muke yi shi ne fassarar hadisin.

To, wanda ya fara kulle ƙofarsa, ya yi laifi? Ya rasa tawakkali? Ko kusa. A hadisin Jabir da ke Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya yi umarni in dare ya yi a rufe ƙofofi a ambaci sunan Allah, a rufe ƙwarya, a kashe fitila. A Madina fa, garin Muhajirai da Ansar. Wanda ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, an ce masa ya ɗaure sannan ya dogara. Kuma sharaɗin hirzi da muka ambata shi kansa yana koya mana cewa shari'a tana son mai kaya ya kula da kayansa. Hausawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya bar waya a kan tabarmar masallaci ya tafi alwala, ya jarrabi mai raunin imani da abin da ba dole.

Masu sharhin Risala suna kawo wani labari mai daɗi a kan wannan. Imam Malik ya karhanta ajiye kare a gida in ba don kiwo ko noma ko farauta ba, Ibn Abi Zaid kuma ya kawo haka a littafinsa. Sai katangar gidansa ta faɗi a lokacin da yake tsoron a cutar da shi, ya samo kare ya ɗaure. Aka ce masa, Malam, ba Malik ya hana ba? Ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki zai ɗaure. A cikin Risalar dai ya kawo maganar Umar ɗan Abdul'aziz mai nuna cewa ana fito wa mutane da sababbin hukunce-hukunce gwargwadon sababbin ɓarnar da suka fito da ita. Saboda haka mutanen Canna da suka ce za su sa kwaɗo ba su yi abin zargi ba. Baƙin cikin da suka yi shi ma yana kan hanya, domin aminci ni'ima ce da ake jin zafin rashinta. Annabi Ibrahim (AS) da yake yi wa Makka addu'a a Suratul Baƙara, aya ta 126, aminci ya fara roƙo kafin abinci. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne.

Inda nake jin tsoro shi ne abin da ke shigowa tare da kwaɗo. Na farko zato. A ƙaramin gari, da an yi sata ido yana kan mutum biyu: baƙo da talaka. A tsibiri an fi son a ce baƙo ne, domin in aka ce ɗan gari ne, to ɗan wani ne, ƙanin wani ne, kuma gobe za a haɗu a jana'iza. Wani lokaci baƙon ne da gaske, kamar na Colonsay. Wani lokaci kuwa da ɗan gari akan ci gari. Abin da shari'a ta ce shi ne ba a hukunci da zato. Ku karanta Suratun Nisa'i daga aya ta 105 zuwa ta 113. Malaman tafsiri sun ce ta sauka ne a kan Banu Ubairiƙ, wasu mutane daga cikin Ansar. Aka fasa rumbun wani sahabi aka ɗauke abinci da makamai, da bincike ya nufo su sai suka jefa laifin kan wani. A ruwayar Tirmizi wani Musulmi ne salihi mai suna Labid ɗan Sahl, a wata ruwayar kuma wani Bayahude ne. Danginsu suka zo wurin Annabi (SAW) suna kare su, suna cewa gidan mutunci ne ake ɓata wa suna. Allah Ya saukar da ayoyi daga saman bakwai Ya wanke wanda aka zalunta, Ya tona asirin ɗan gida, Ya kuma bayyana cewa wanda ya yi laifi ya jefa wa marar laifi ya ɗauki ƙage da zunubi bayyananne. Duk wanda ya taɓa cewa ai almajiran nan ne, ko ai mai aikin nan ce, ba tare da hujja ba, ya sake karanta waɗannan ayoyi.

Na biyu kyamara da waya. Sa kyamara a ƙofar shago ko harabar masallaci ba laifi, kamar mai gadi ne. Amma ba a juya ta ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Kuma abin da ta ɗauka hujja ce da za a kai wa hukuma ko mai unguwa ko iyayen yaro, ba abin watsawa a Facebook ba. Yaro ɗan shekara 12 ya ɗauki biskit, an ɗaure shi an yi masa bidiyo, dubban mutane sun gani. Ko ya tuba, ko ya haddace Alƙur'ani, ranar da zai nemi aure wani zai tono. Wannan hukunci ya fi laifin girma nesa ba kusa ba, kuma ba alƙali ne ya yanke shi ba. Wanda ya danna ya tura wa wasu, shi ma yana da kaso.

Na uku kuwa, wanda ya fi duka muni, shi ne a yi ihun ɓarawo jama'a su taru da duwatsu da taya. Wannan kisan kai ne, ba shi da wani suna. Haddi aikin shugaba ne da alƙali, bayan shaidu ko iƙirari, bayan an duba nisabi da hirzi da shubuha. Hukuncin sata ma ba kisa ba ne. Safwan ɗan Umayya yana barci a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare, ya kama shi. Bai dake shi ba, ya kai shi wurin Annabi (SAW). Da aka yi umarnin yankewa sai ya ce shi bai nufi haka ba, ya bar masa sadaka. Aka ce masa ai da kafin ya kawo shi ya yi hakan. A nan malamai suka fahimci abu biyu: mai kaya yana da damar yafewa da rufa asiri kafin magana ta kai ga hukuma, in ta kai kuma ba mai ceto.

Sannan a tambayi abin da ya sa aka yi satar. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa bayin Haɗib sun saci raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Umar (Allah Ya ƙara masa yarda) ya fara ba da umarnin yankewa, sai ya juya kan ubangidansu ya ce yana ganin yunwa yake bar su da ita. Ya tambayi mai raƙuma kuɗinta, ya ce dirhami 400, Umar ya sa a biya shi 800. Malik ya ce ba a kan ninkawar ake aiki a Madina ba, amma darasin yana nan: mai shagon da yake riƙe albashin yaronsa wata uku, sannan ya zo yana kukan yaro yana taɓa aljihun shago, shi ma a tambaye shi. Wannan ba ya halatta wa yaron komai. Yana dai nuna cewa masu laifin biyu ne.

Saura wanda ya karanta wannan ya tuna da wani abu da ke wuyansa. Tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika da istigfari kaɗai, sai an mayar. In abin yana nan, shi za a mayar. In ya halaka, kwatankwacinsa ko ƙimarsa. Ba dole ne ka je ka ce ni ne na sata ba, in hakan zai jawo fitina ko tonon asiri. Ka aika ta hannun wani amintacce, ko ka tura masa a asusunsa, ko ka ajiye inda zai samu, muddin haƙƙin ya isa hannunsa. In ya rasu, magadansa za a ba. In ka neme shi iyakar ƙoƙarinka ba ka same shi ba, ko ba ka ma san ko wane ne ba, kamar takalmin da aka ɗauka a masallacin Juma'a shekara goma da suka wuce, sai ka yi sadaka da ƙimarsa da niyyar ladan ya je gare shi, da sharaɗin in ya bayyana wata rana za ka ba shi zaɓi: ko ya amince da sadakar, ko ka biya shi ladan ya dawo gare ka. Abin da aka ɗauka tun ana yaro ma, zunubi ba ya kan wanda bai balaga ba, amma biyan dukiyar yana nan. Kuma ba a duba addinin mai kaya: ko na Musulmi ne ko na wanda ba Musulmi ba, ko na gwamnati ne ko na kamfani, mayarwa dole ce. Wanda kuma ya sayi waya a rabin kuɗinta, ba kwali ba rasit, alhali zuciyarsa ta gaya masa daga inda ta fito, hukuncin mayarwar ya hau kansa shi ma. Kuɗinsa kuwa sai ya bi wanda ya sayar masa.

A darasi mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin tsintuwa: abin da ake cigiya, tsawon lokacin cigiyar, da abin da ba ya buƙatar cigiya. Allah ne mafi sani.